Na Sa An Rubuta Wa Ɗiyata Ciwon Da Ba Ta Da Shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyaye da 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai ɗalibaina da yawa a nan, wasu ma sun yi aure har da 'ya'ya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa.

Ni mace ce, na kusa shekara sittin, malamar firamare ce ni har na yi ritaya. Muna zaune a Katsina ni da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, maza biyu sai mace, ita ce auta, kuma Auta zan riƙa kiranta a nan. A kanta ne na zo, amma in ban koma baya ba za ku ɗauke ni mahaukaciya kawai, ko da yake wataƙila bayan kun ji ma haka za ku ce.

An haife ni a wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Wanda duk ya tashi a wajajen nan a wancan zamani ya san yadda ake renonmu, da yaro ya iya tafiya ya zama ɗan gari. Ina shekara shida nake kai wa Baba abinci gona ni kaɗai, tafiyar da sai na huta sau biyu a hanya. Ina shekara takwas Inna take sa ni a motar kasuwa zuwa Ƙanƙara da ƙullin daddawa, ta ce wa direba ga ɗiyata nan, shi ke nan, in sayar in sayo gishiri da kananzir in dawo da la'asar. Akwai shekarar da aka tura ni Sabuwa wajen gwaggona da ta haihu, mota biyu na canza, na sauka ban san gidan ba, wata mai tuwo a tasha ta tambaye ni ɗiyar wace ce, ta ba ni ruwa, ta rufe tukunyarta ta kai ni har ƙofa. Ba waya, ba wanda zai ce wa Inna na isa, sai bayan sati biyu da na dawo ta gan ni. Kuma ban taɓa jin ta ce ta kasa cin abinci ba.

Lokacin ne kuɗin mai ya shigo ƙasar nan. Samarin garinmu suka watse Kaduna da Legas leburanci, suna dawowa da rediyo da agogo, masu ƙarfi da babur, rufin kwano ya fara bayyana a garin da ba a san komai ba sai bunu. Sai ga wani kamfanin Turawa ya zo yin titi, suka kafa sansani a bayan gari suka kewaye shi da waya. Matan aure suka samu sana'a, kowace ta dafa shinkafa da wake ta ɗora wa ɗiyarta a kai wa leburori. Ni ma Inna ta ɗora mani, ina shekara goma, kuma da yake tana da tsohon ciki sai ta haɗa ni da ƙanena Sada mai shekara huɗu, in tafi da shi ta samu ta huta.

A cikin wayar nan akwai 'ya'yan wani Bature guda biyu, mace da namiji, kusan sa'anninmu. Ba a barinsu su fito ko nan da can, kullum akwai mai reno a bayansu, in sun zo kusa da waya ta kira su. Mu dariya muke masu, muna cewa an kulle su kamar kaji a akurki, wani lokaci har tausayinsu muke ji. Amma suna da wani ɗan keke ja mai ƙafa uku, wanda duk yaran garinmu ba abin da muke so kamar mu tsaya mu kalle shi.

Kamfanin ya haƙa wani ƙaton rami a gefen hanya inda suke ɗibar burji, damina ta zo ta cika shi da ruwa. Ranar wata Laraba na sayar da abincina da wuri, ƙawata Hajara ta zo da gudu ta ce an fito da keken. Sada ba ya iya sauri, in na ja shi sai mun isa an shiga da keken. Sai na zaunar da shi a gindin wata tsamiya, na ba shi ƙanzon da ya rage a kwano, na ce kar ya tashi yanzu zan dawo. Wallahi ban jima ba, ko kuma a ganina ban jima ba. Da na dawo kwanon na nan, shi ba ya nan. Wani Bafulatani da ya kawo shanu shan ruwa shi ya ga takalminsa na roba a bakin ramin, leburori suka shiga suka fito da gawarsa.

A gida na ce na je karɓo kwanukan Inna ne wajen leburori. Ba wanda ya sake tambayata komai. Baba ya ce kwanansa ne ya ƙare, aka yi mashi sutura kafin magariba. Bayan kwana uku Inna ta dafa shinkafa ta ɗora mani tire ta ce in tafi, ta bakin ramin nan na bi na wuce. Da ta haihu, jaririn na yin wata huɗu aka goya mani shi. Shekarar da ta biyo aka kwashe mu aka sa mu makarantar boko ta kyauta, daga nan na wuce kwalejin horon malamai ta kwana, ni nake ɗaukar akwatina in hau mota in tafi in dawo. Rayuwa ta ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma kusan shekara hamsin ban taɓa faɗa wa kowa inda na je ranar nan ba. Maigidana ya san ina da ƙane da ruwa ya ci, iyakar abin da ya sani ke nan.

Da na fara haihuwa sai na zama wata iri, ni kaina na sani. 'Ya'yana a makarantar da nake koyarwa suka yi firamare, tare muke tafiya tare muke dawowa. Ba aike, ko maggi ne ni nake yafa mayafi in sayo. Ba ƙwallo a waje, ba keke sai a tsakar gida, ba zuwa hutu gidan kowa sai da ni, in ana ruwan sama ko baho ba a bari da ruwa a gidana. Malamin allo ma gida nake kira ya zo. Maigidana mutumin Sabuwa ne, yana shekara takwas yake kiwon tumakin gidansu shi kaɗai a daji, shekaru ya yi yana faɗa da ni a kan haka, yana cewa zan kashe masu zuciya, yaro sai ya faɗi yake sanin ƙasa na da tauri. Ni kuma in ce zamani ya lalace, in kawo mashi labarin yaron da aka sace a unguwa kaza. Da yake labaran ba ƙarya ba ne, a hankali ya gaji ya zuba mani ido. Wata rana ina shanya na ɗaga kai na ga yarana uku sun jeru suna leƙen 'ya'yan maƙwabta ta ƙasan get, sai na tuna 'ya'yan Baturen nan da muke wa dariya. Amma ban buɗe get ɗin ba.

Ga abin da na girba. Babban yana aiki a Abuja, da mata da 'ya'ya biyu, amma in ɗansa ya yi zazzaɓi ni yake kira ya tambaya ko a kai shi asibiti, in zai canza gida sai na ce to. Matarsa ta taɓa gaya mani cikin ladabi cewa wani lokaci ji take kamar 'ya'ya uku take reno. Na biyun shi kuma yana gama karatu ya tsallake ya tafi Legas, ranar Juma'a kawai yake kira, gaisuwa ce ta minti biyu, ba ya faɗa mani komai na rayuwarsa don ya san zan hana. Auta ce ba ta taɓa ba ni wahala ba. A garin nan ta yi jami'a tana kwana a gida, babanta ya kai ta ko mai adaidaita guda ɗaya da na yarda da shi. Na sa yayanta ya saka mani wani abu a waya da ke nuna mani inda take, ta sani, ba ta ce komai ba. Shekararta ashirin da uku, ba ta taɓa shiga motar haya ita kaɗai ta bar gari ba.

To wata uku da suka wuce ta gama, kwanan nan sunansu ya fito na bautar ƙasa, aka tura ta wata jiha a kudu, irin waɗanda ruwa ya kewaye, an ce wasu garuruwan ma sai da kwalekwale ake shiga. Ranar da ta gani ban taɓa ganin yarinyar nan cikin murna haka ba, da gudu ta shigo kicin ta rungume ni. Ni kuwa ludayin da ke hannuna ne ya faɗi. Muna da maƙwabciya Bayarabiya, shekara ashirin muna tare, ɗiyarta tun tana shekara goma sha ɗaya take hawa mota ita kaɗai zuwa makarantar kwana a garinsu, yanzu tana can wata ƙasa tana aikin jinya. Ta shigo yi mana barka, ta ga fuskata, ta ja ni gefe ta ce su a wajensu in yaro bai bar gida ba ba a ce an gama renonsa ba, in bar yarinya ta je ta ga duniya. Na yi murmushi na ce to, a raina na ce ke ba ki taɓa ganin an fito da naki daga ruwa ba.

Abin da na yi, wanda nake jin kunyarsa, shi ne na je wajen wani likita da na koyar a aji uku. Na roƙe shi ya rubuta mani takarda cewa Auta na da asma mai tsanani, ba za ta iya zama wuri mai danshi ba. Ya yi ta kame-kame, ya ce Malama wannan ba daidai ba ne, na ce mashi ni na koya mashi riƙe fensir. Ya rubuta, bai iya kallon idona ba lokacin da yake miƙo mani. Niyyata in ba wani ɗan uwanmu da ya san hanya, a dawo da ita gida a ce mata daga sama aka canza. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina dukan 'ya'yan mutane a kan ƙarya.

Kafin in kai, na aike ta ta ɗauko mani tabarau a jaka, sai ta ga takardar da sunanta a jiki. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta kawo mani tabarau da takardar tare, ta durƙusa ta ce, "Mama, tun da na yi wayo ban taɓa yi maki musu ba. Don Allah ki gaya mani abin da kika taɓa gani a wajena da ya sa ba ki yarda da ni ba." Ashe duk shekarun nan yarinyar nan ɗauka take zarginta nake, tana ganin kamar ina tsoron in na sake ta za ta lalace ne. Ta ce tana ta ƙoƙari ta zama ta kirki ko wata rana zan yarda da ita, yanzu ta gane ranar ba za ta zo ba. Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, na kasa, don in na ce ba haka ba ne sai na faɗi yadda yake.

Babanta da ya ji ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce tsaron da na yi masu ya haƙura da shi, amma ƙirƙira wa lafiyayyar yarinya ciwo wannan butulci ne ga Allah, in bakina ya kama ta fa? Ya ce shi a matsayinsa na uba ya yarda ta tafi, har jaka ya sayo mata, amma ba zai sa ta a mota ba sai na sa mata albarka da bakina, don bai son ta tafi da nauyin uwa a kanta. Kun ga ya tattara kayan duka ya ɗora mani. Ita kuma tun ranar tana gaishe ni, tana yin girki, tana wanke mani kaya, amma hira ta mutu. Ta daina maganar tafiyar gaba ɗaya, ko da wasa.

Da abin ya ishe ni na shirya na tafi Ƙanƙara wajen Inna. Tana nan da ranta, ta haura tamanin, tana gidan ƙanena a cikin gari, don ƙauyenmu yanzu kusan kowa ya tashi saboda halin da ake ciki na rashin tsaro, kun san shi ba sai na faɗa ba. Na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa, na ba ta labarin Auta, sannan na ce Inna akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a kan Sada. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Keken ɗiyan Nasara kika tahi kallo. Uwar Hajara ta gaya mani tun ba a yi kwana ukunsa ba."

Na zauna kusa da ita. Na ce to me ya sa ba ta taɓa yi mani magana ba, me ya sa ta sake ɗora mani tire? Ta ce, "In ce maki mi? Ɗiyar shekara goma, ni na ɗora maki shi. Da na hana ki hita, da kin san na ɗora maki laihi. Na sake aikenki ne don ki san ban daina yarda da ke ba." Ta ce duk ranar da na fita da tiren nan tana tsaye a bayan zana tana leƙena har in ɓace, kuma ba ta iya haɗiye komai sai ta ji sallamata. Ni da na rayu ina ganin kamar abin bai dame ta ba.

Na yi kuka iya kuka, ta bar ni na gama. Sannan ta faɗa mani maganar da har yau take ci mani rai, ta ce ita ta binne ɗaya amma ta reni bakwai da kowanensu ko a ina aka jefa shi zai ci abinci, ni kuma ban binne ko ɗaya ba, alhamdulillahi, amma in nuna mata wanda zai iya tsayawa a kan gawata ya ce ga yadda za a yi. Na ce to in bar Auta ta tafi ke nan? Sai ta ce ita ba ta ce ba. Ta ce a zamaninsu duk wanda ya ga ɗanka a hanya nasa ne, rami da maciji kawai ake tsoro, yanzu kuwa mutum ake tsoro, ita kanta jikokinta da ke gidan ba ta bari su wuce bakin layi. Ta ce, "Ni na san renon wancan zamani, na wanga ban san shi ba. Ki je ki roƙi Allah."

Haka na dawo, kaina ya fi da kullewa. Da Inna ta ce mani tsoron banza nake da na huta, da ta ce ina da gaskiya ma da na huta. Hanyar nan mai nisa ce, kuna jin abin da ke faruwa a kan tituna, ga yarinya mace da ko canjin mota ba ta iya ba, kuma ni na mayar da ita haka. In na sake ta wani abu ya same ta, ban san ko zan rayu ba. In na riƙe ta, na san za ta zauna, ba za ta ce uffan ba, za ta yi shekararta a wata makaranta bayan gidanmu, a yi mata aure ta koma wani get ɗin, ta tafi tana ɗauka uwarta ba ta taɓa ganin mutuncinta ba.

Saura kwana tara su shiga sansanin horo. Jakar da babanta ya sayo tana nan a ledarta a bayan ƙofa, ba ta ko kwance ta ba. Takardar likita kuma tana cikin jakata, ban kai ba, ban yaga ba. Na yi istihara, na yi sadaka, hawan jinina ya tashi, na gaji wallahi, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Don Allah ku ba ni shawara. In bar ta ta tafi can ɗin da aka tura ta, ko in nemi a dawo da ita kusa ta hanyar gaskiya ba da ƙarya ba, ko da ranta bai so? Sannan in zaunar da ita in ba ta labarin Sada, ko kuwa ɗora mata kayan da ba nata ba zan yi, ta fasa tafiya don tausayina? Ku 'yan mata sa'anninta da ke nan, in ku ne me za ku so uwarku ta yi? Ku kuma iyaye mata da kuka taɓa tsayawa a tasha kuka ga mota ta tashi da ɗiyarku, ku gaya mani yadda kuka yi ƙafafunku suka dawo da ku gida, don ni ban ga yadda nawa za su iya ba. Duk abin da kuka rubuta zan karanta, ko faɗa ne ku yi mani, na cancanta. Allah ya raya mana zuri'a.